Kunnen Dillali

Shekara talatin ina cin tuwo da abin da wani bai sani ba.
Manomi ya san ayarsa, bai san kuɗinta a Kano ba,
Alhaji ya san kuɗinta, bai san hanyar gona ba.
Tsakaninsu na shimfiɗa buzuna,
nan na samu na aure, nan na yi wa ɗaki kwano.

Ranar kasuwar Cadawa nakan yi sammako,
in tauna aya uku, in yamutsa fuska,
in ce wa Nomau bana kaya sun faɗi.
Shi ko ya dubi sama, kamar can ake rubuta farashi.

Ashe can za a rubuta shi.
Bara na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu,
ya zaro waya mai tsagaggen gilashi,
jikansa ya latsa, wata murya daga Dawanau ta faɗi kuɗin tiya
har da dala biyun da na ɓoye ƙarƙashin harshe.
Muka yi dariya ni da shi.
Tasa ta fi tawa tsawo.

Ɗiyata Tsahara ba ta da rumfa a Babbar Kasuwa,
rumfarta a tafin hannu take.
Ta wanke aya, ta baza a faranti,
ta jira hasken la'asar, ta ɗauki hoto.
Kafin in gama alwala wata a Ali Ɗan Tsoho ta ce tiya biyar,
wani a Yamai ya ce buhu.
Kuɗi ya shigo, ba a lasa yatsa an ƙirga ba,
ɗan kabu-kabu ya ɗaure kaya, ya wuce.
Ba wanda ya ce albarka.
Ba wanda ya tambayi kwanan iyali.
Mai saye yana kwance bisa tabarma
yana zaga kasuwa bakwai da babban yatsa,
kan dala ɗaya ya bar ka, ko sallama babu.

Na koma gindin bedi ina jan carbi,
ina ƙirga motocin Ɗan Isa da ba su san ni ba.

Sai watan azumi, da aya ta yi daraja,
wani ya nemi buhu huɗu, ya turo hoton takardar biya.
Ta kai tasha da kanta.
Kwana uku tana kallon waya kamar mai jiran wata,
kuɗi bai tsaya ba, lambar ta mutu.
Ta sha ruwa, ta kasa hura.

Na ce, kunna mini muryarsa.
Ya rantse sau uku ba a tambaye shi ba,
ya kira ta Hajiya tun kafin ta gaishe shi,
kuma ko dala bai nemi ragi ba.
Na ce, ɗiyata, mai niyyar biya shi ke jin zafin kuɗi.
Wannan da kin kawo mini shi, da ƙofa bai wuce ba.

Yanzu bayan lisha takan jawo kujera,
ta jera mini muryoyi, ni ko in rufe ido.
Wannan, aika masa.
Wannan, bari kuɗinsa ya kwana tukuna.
Wannan ba ɓarauniya ba ce, kunya ke riƙe mata harshe,
kuɗinta ne bai cika ba, ƙara mata rabin tiya.

La'adata cikin waya take zuba mini ita,
wayar da sai jikana ya buɗe.
Jiya ya buɗe, sai ga muryar Nomau da kukan awaki a bayanta:
Kalla, an yi ruwa a Cadawa har garma ta nutse.
Farashi dai na sani, kar ka wahalar da bakinka.
Amma ka zo. Na aje maka aya uku.