Hannun da Ya Rasa Abin Tsayarwa

Shekara goma sha ɗaya ina tsaye a shataletale,
usur a baki, rana a ƙeya,
ni ne mai cewa tsaya, ni ne mai cewa wuce.
Ran Laraba aka ba ni hutu.
Bazara ta kai inda ko ƙadangare neman inuwa yake.
Na ce da Talatuwa, autata, ɗauko takalminki.

Muka gangara ta bayan Kabala
har inda gari ya ƙare, yashi ya soma.
Ndagi na kwance a kwale-kwalensa, hula a fuska.
Ɗari biyu, in ji shi, yarinya kyauta,
amma in ta yi rawa, da iyo za ku ƙarasa.

Kogi ya rame.
Duwatsu sun fito kamar haƙarƙarin tsohuwar saniya.
Bugun sanda ashirin, ko da ɗoriya,
sai gindin jirgi ya ce ƙurus a kan tsibiri.

Babu titi. Na duba, wallahi na duba.
Sai wata 'yar hanya mai faɗin sawu
tsakanin fangalin albasa da na alayyafo.
Awaki uku suka ɓullo daga hagu,
agwagwa da 'ya'yanta daga dama,
sai hannuna ya tashi da kansa,
tafi a buɗe, yatsu a haɗe.
Ba wadda ta dube ni.
Suka gifta juna, ba karo, ba zagi,
Talatuwa ta yi dariya har da zama a ƙasa.

Baba Jatau mai lambu ya miƙo mangwaro huɗu a hula,
ya ce, ɗan samari, mene ne aikinka?
Na ce motoci nake tsayarwa.
Ya ce, ina za su?
Na ce ko'ina.
Ya jinjina kai, ya koma ban ruwansa,
kamar wanda aka gaya wa rashin lafiya.

Da farko shirun ciwo ya yi mini.
Ashe akwai wani ƙugi da ke zaune a kunnena,
ɗan haya ne, bai taɓa biya ba.
Sai wajen azahar ya tattara ya fita.
Na ji kukan jigo, na ji fiffiken balbela,
na ji ruwa na shiga fangali yana tsotsar ƙasa.
Na kuma ji wani abu:
'yata tana ɗan guna-guni in tana cin abu mai daɗi.
Shekararta tara.
Ban sani ba sai yau.

Can nesa ga gada,
motoci sun yi jerin kwarkwasa, ba sa motsi, ba sa ƙara.
Wani ne yau ke shan zagin da aka tanadar mini.
Allah ya ba shi haƙuri.
Na yi alwala da kogin, na yi salla a yashi mai ƙuna,
na kwanta ƙarƙashin ɗinya,
ban san sanda barci ya wuce da ni ba, ko hannu bai ɗaga mini ba.

Usur ne ya tashe ni.
Ta zaro shi daga aljihuna ta busa,
tsuntsayen tsibirin kaf suka tashi sama.
Baba, ta ce, ai su tafiya suke yi in an busa.

La'asar sakaliya gabas ta yi duhu.
Jatau ya dubi sama, ya ce wurin nan aro ne,
in ruwa ya zo, rabin abin da kuka taka kogi zai karɓe.
Ndagi ya ce mu yi sauri.

Tun kafin mu taka gaɓa
wani mai Keke ya danna ham.
Hannuna ya motsa.
Na cusa shi a aljihu,
na tarar da yashi, da ƙwallon mangwaro da ta ajiye mini,
har yanzu da ɗan danshi.