Mai Hoto a Bakin Sakatariya

Rumfata na gindin dogon-yaro, daf da sakatariya:
jan ƙyalle ɗaya, benci ɗaya, rediyo mai tari.
Shekara sha tara ke nan ina faɗin abu guda:
ɗaga haɓa, rufe baki,
gwamnati ba ta son ganin haƙora.

Labaran ƙarfe bakwai ke gaya mini kasuwar gobe.
In an ce ruwa ya ɓalle ya ci geron Goronyo,
sai in kasa kunne ga jelar zance:
za a ɗauki masu ƙidayar asara.
Kafin hantsi, layi ya kai teburin mai shayi.

In amai da gudawa suka sauka wani ƙauye,
'yan makarantar jinya ke cika mini benci,
kowace da hular biro tsakanin haƙora.
In an kore shanu cikin dare can gabas,
ƙarti ke zuwa, masu kanta a tafin hannu,
su ƙame gaban ƙyalle
kamar an riga an rataya musu bindiga.

Zaɓe ne, rigakafi ne, sabon inji ne a Kalambaina,
kai, ko ƙwallo: an kori koci, ana cigiyar wani.
Kawunan labarai daban-daban, jela iri ɗaya.
Su can suna ɗauka da baki,
ni nan ina ɗauka da ido,
tawa ɗaukar ce dai ke fita a takarda.

Ga wata baƙar kwat can rataye ga ƙusa.
Ta nemi banki, ta nemi kwastan, ta nemi koyarwa,
ta kwana cikin fayil ya fi dubu,
kafaɗarta ta koɗe da zufar 'ya'yan mutane,
ba ta taɓa jin ƙanshin albashi ba.

Kulu kam an ɗauke ta, ba ni rantse wa ƙarya.
Ta aiko mini da fura daga wani asibitin karkara,
da saƙo: ita kaɗai ce ga ɗakin haihuwa,
ta ji a rediyo an turo musu hamsin,
in na gan su gaban ƙyallena, in nuna musu hanya.

Modi na Mabera, zuwansa na bakwai ke nan.
Ranar farko ko gashin baki bai tsira ba.
Jiya ya raɗa mini: Malam Jabbi,
shafe furfurar ga guda uku a kwamfuta,
takardata ta ce ashirin da tara nike.
Na shafe. Ban sa kuɗin shafewa ba.
Ya ce wanga karo akwai wanda ya san wani.

Shi ko Alhaji Ige, mutumin Kware,
da jijjifi yake tsai da akori-kura bakin titi:
mutum goma, cirar albasa, biya da la'asar!
Ba fom, ba hoto, ba shaidar haihuwa.
Rediyo bai taɓa jin labarinsa ba.

Bana idona ya fara yana,
fuska ɗaya sai in gan ta biyu.
Na yagi kwali, na rubuta da gawayi:
ana neman yaro.
Da safe na iske mutum sha ɗaya, sun yi layi da kansu,
Modi a gaba, da ambulan ruwan ƙasa a hammata.
Ya ce: hoto nawa za a kawo?

Na dube shi, na dubi kwat.
Na ce: aje takardun bisa benci,
zagayo ta wannan gefen.
Riƙe nan. Rufe ido ɗaya.
Na koma gaban jan ƙyalle na zauna,
karon farko cikin shekara sha tara.

Ya ce: ɗaga haɓa.
Sai dariya ta ƙwace mini, hoton ya ɓaci.