Awo Biyu

Dubu ɗaya da ɗari biyar ce a bakin zanena,
tun jiya nake kwancewa ina ƙullewa.
Yau Laraba, ranar awo a asibitin Dukku,
yau kuma masara ta ƙare a buhu.

Kalma ɗaya ce, awo,
ƙofa biyu take buɗewa:
ta rumfar Malam Manu mai hatsi,
da ta ɗakin Sista Rifkatu.

Ɗan acaɓa ya ce rafi ya kawo,
sai an zagaya ta gada, kuɗi ya ƙaru.
Baban su Lami yana Fatakwal,
kwana huɗu wayarsa a kashe.

Goggo Yalwa ta leƙo ta katanga:
"Tara na haifa, ban san kati ba."
Ban ce mata shida suka tsaya ba.
Ta fi ni sani.

Wancan watan na isa rana ta take,
aka ce lamba ta ƙare, in dawo.
Da ƙafa na koma gida.
Ƙafar ce yanzu ta ƙi shiga silifa,
na danna da yatsa, ramin bai ciko ba.
Na cikin ya yi shuri sau biyu
kamar mai buga ƙofa cikin dare.

Sai ga Goggo, ba ko sallama,
ta dire kwano, masara har baki.
"Rance ne, da kaka ki biya.
Tashi, kafin hadarin can ya haɗu."

Na ciro katin a ƙasan kwalla.
Gara ta ci gefensa,
amma sunana yana nan.