Maɗori a Bakin Fage

Ni ba ni da kirari, ba ni da walki.
Jarina karan dawa ne, da tsumma, da man kaɗe a gwangwani.
Idan Binuwai ta janye ta bar wa Garwa yashi,
aka ja igiya, makaɗa suka ɗaure ganga kusa da gada,
tabarmata na nan gefe, bayan mai rake,
inda ake kawo wanda ya sha ƙasa.

Ku kuna kallon ƙirji, kuna kallon laya a damtse,
ni ƙashi nake kallo.
Wancan mai tsalle yana kiran sunan kakansa,
ni na ja masa gwiwa bara, yana kiran sunan uwarsa.
Ban faɗa wa kowa ba.
Bakin maɗori tulu ne, ba a leƙa cikinsa.

Sanda Turmi, ɗan Rumde Ajiya,
damina biyu ke nan da kafaɗarsa ta hagu ta fita ɗaki.
Na mayar da ita da dare, ƙafata a hammatarsa,
na ce: ta koma, amma ba ta manta hanya ba.
Ya yi dariya, ya biya ni da zakara,
ya ce kada in kashe masa kasuwa a wurin mutanensa.

Yau an haɗa shi da Jonwe na Yagwa,
wanda aka yi wata uku ana ɗura wa madara,
wuya kamar gindin giginya, tafiya kamar dorina ta fito kiwo.
Jiya wani mai hula a karkace ya zo mini da jaka biyar na sefa,
wai hagu ko dama, baba, kalma ɗaya.
Na ce ya gaida gida.
Ya tattara kuɗinsa.

Usur ya tashi.
Suka sunkuya, goshi da goshi, kamar raguna a bakin rijiya,
yashi na tashi, mata na guɗa, mai ganga ya rasa hularsa.
Yara a kan gada suna ihu da harshe huɗu,
mai shayi ya bar buta tana ƙonewa.
Sai hannun Jonwe ya sauka a kafaɗar nan.
Na ga yatsunsa sun tsaya.
Na san tsayuwar, irinta nake yi
idan na taɓa wuri, ƙashi ya ba ni amsa.

Numfashi ɗaya, murɗa ɗaya, da an gama,
da Sanda bai sake ɗaga buhu a tashar Pitowa ba.
Na riga na miƙa hannu ga tsummana.

Sai ya saki.
Ya zame hannun, ya gangara, ya nemi ƙugu,
ya bar ƙofa a buɗe ya tafi hawan katanga.
Suka ƙara dambatuwa har gumi ya zama laka,
Sanda ya sa taɗiya, ta kusa ci,
kafin Jonwe ya ɗaga shi kamar damin gero
ya shimfiɗa shi a kan damansa.

Fage ya fashe.
Aka liƙa wa Jonwe kuɗi a goshi, aka ba shi turmin atamfa,
masu caca suna ƙirga, masu asara suna zagin laya.
Duk sun ga kaye.
Abin da aka fasa yi, ni kaɗai na gan shi,
don ba a yi wa wannan kiɗa,
ba maroƙin da zai wasa.

Bayan magariba, ina naɗe tabarma,
ga shi tsaye, ya riƙe babban yatsa, ya kumbura.
Ba ya jin Hausa, Fulatancina kuwa na cefane ne.
Na ja, ya cije leɓe, yatsa ya ce ƙas.
Ya laluba aljihu.
Na riƙe hannun, na girgiza kai,
na taɓa kafaɗata ta hagu.
Ya dube ni, ya dubi kogi,
ya ɗauki atamfarsa.