Awon Gilashi

Shekara talatin da ɗaya ina yankan gilashi a Asawase.
Na sa Ayatul Kursiyyu a firam,
na sa alhazai da haƙoran Makka,
na sa matattu suna murmushi.
Hannuna bai taɓa rawa ba
sai ranar da Serwaa ta kwance takardar.

Mace ce. Daga ƙugu zuwa sama ba zane.
Na yi a'uziyya, na kifa shi a kan benci,
na ce, 'yar nan, akwai masu firam a Adum.
Ta ce, Baba Tanimu, ita ta ce a kawo maka.
Juya ka ga ko wace ce.

Barira ce, mai koko ta bakin tashar Aboabo.
A hagu, inda wuƙar likita ta bi,
tabo ya kwanta kamar ɗinkin buhun goro.
A dama, abin da ya shayar da 'ya'ya shida
ya sunkuya, ya gaji.
Idonta kuwa a kaina yake,
irin kallon da take wa mai cewa gobe zai biya.

Saƙonta gajere ne:
mata uku a layinmu sun ɓoye ƙullutu a ƙarƙashin mayafi
har kunya ta raka su maƙabartar Tafo.
A nuna wa sauran cewa ana cirewa a rayu.

Na rufe shi da tsohuwar jarida, na yi awo a makance,
inci ashirin, inci talatin.
Sau ɗaya iskar fanka ta ɗaga jaridar.
Ban san daƙiƙa nawa na yi kafin in mayar ba,
kuma wannan lissafin tsakanina da Ubangijina ne.

Aka rataye shi a zaure mai farin bango.
An ce masu shiga rage murya suke yi
kamar a gidan rasuwa.

Kwana tara bayan nan
na ji yarona Mumuni da abokansa suna ƙyaƙyata a bayan shago,
kawuna huɗu a kan waya ɗaya.
Na miƙa hannu.
Hoton ne.
Haske ɗaya, fata ɗaya, har ƙusurwar katakon da na goge.
Amma ba fuska, ba tabo, ba suna.
Ba a ƙara komai ba.
Ragewa aka yi.

Liman ya ce tsiraici tsiraici ne, ko a bango ko a aljihu.
Ban ja da shi ba, karatuna bai kai nan ba.
Serwaa ta ce fasaha a haske take da inuwa.
Ita ma ban gamsu ba,
na sha ganin haske mai kyau a kan mugun abu.
Ni dai abin da sana'a ta koya mini:
komai yana ga inda ka ɗora bakin abin yanka.
A na bango, ita ke kallonka, kai ka sunkuyar da kai.
A na waya, an cire mai kallonka
don ka ci ba kunya.

Da safe na je tasha, kaina a ƙasa.
Wata mata na raɗa mata magana, hannu a hammata,
Barira na kwatanta mata ƙofar asibiti.
Da ta juyo, na fara, Hajiya, yaran nan...
Ta ce, na ji.
Ta tsoma ludayi, tururi ya tashi tsakaninmu.
Wanda ya yanke mini kai, ba ni ya gani ba.
Sidi biyar, Tanimu,
da na jiya.