Mai Ɗaurin Kundi a Samaru

Shagona taku ashirin ne daga ƙofar jami'a,
tsakanin mai shayi da mai gyaran waya.
Allura, zare, gam da 'yar guduma.
Shekara goma sha tara ina ɗaure ilimin mutane,
ni da na tsaya a aji uku na sakandare.

Ba na karanta ciki, ƙarya ba kyau.
Bango nake karantawa,
ina danna harafin zinare da zafi har ya zauna.
Daga bango na san abin da ke bayan katanga:
akwai masu auna ƙasa, akwai masu auna jini,
akwai masu zana gada tun kogin bai sani ba.
Na Kongo su zo da shari'a a hammata,
na Shika su zo suna warin asibiti,
ido ja, rabonsu da barci tun Talata.

Tanimu ɗan Soba ya kawo shafi ɗari
a kan tsutsar masara.
Na ce, tsutsar da gyatumarka ke murjewa da yatsa?
Ya ce, ita fa, Baba.
Yanzu na san sunanta, na san lokacin da take ƙwai.

A benci na nake jin sauran labari:
ɗakin mutum huɗu ya haɗiye tara,
layin famfo tun kafin kiran assalatu,
garin kwaki da ƙuli in wata ya yi nisa.
Amma a nan ɗan Birnin Gwari ya koyi cin gwate
a kwano ɗaya da ɗan Kagoro,
kuma wannan ba ya cikin kowace jarrabawa.

Shekarar dogon yajin aiki
injina ya yi tsatsa,
gizo-gizo ya gama digiri a kan teburina.

Sai Rifkatu.
Ta fara a Kafanchan, ta zo nan ƙaro na biyu.
Cittar babanta ta ruɓe a ƙasa, gona guda,
damina ɗaya ta cinye kuɗin rufin kwano.
Abin da ta rubuta ke nan: me ya ci cittar.
Kundi huɗu ake so, kuɗin uku ta ƙirga,
ta sake ƙirgawa, ko za su haihu.
Na ɗaure huɗu.
Na ce, in kin gano ɓarawon, ki aiko min da shaida.

Bara wani direban Kaciya ya tsaya yana tambaya,
wane ne Cindo mai ɗauri?
Ya sauke ƙullin buhu, ba takarda, ba gaisuwa.
Tun ban kwance ba ƙamshi ya gaya min.
Mai shayi ya sha, mai waya ya sha,
har yau akwai saura a gwangwani.
Ban sani ba ko maganinta ne ya ci,
ko ƙasa ce ta huce don kanta.
Ban tambaya ba.

'Yata Ladidi ke jera min shafuka in ta taso.
Na lura aikinta ya rage sauri,
ashe ita ciki take karantawa.
Ta ce Kaduna za ta, ta koyi haɗa magani,
wai Samaru ta yi kusa da idona.
Na yi faɗa kwana biyu, na uku na biya kuɗin fom
da kuɗin da na ajiye don sabon inji.

Akwai wani bango kore, mai kauri,
na ɓoye shi ƙarƙashin teburi cikin leda.
Sau uku ana taya shi.
Ba a rubuta komai a kansa ba tukuna,
kuma kullum da safe, kafin in kunna wuta,
sai na duba ko gara ta taɓa.