Gida na Bakwai

Sun ba ni takarda mai gida shida,
da biro, da riga mai ƙyalli don kada a banke ni.
Dakta Lurwanu ya ce, "Hansatu, ƙirga kawai za ki yi.
Lissafi ba ruwansa da tausayi."

Shida da kwata na zauna gindin gadar Kawo,
kan bencin Tanimu mai shayi.
Tirela daga Zariya: ɗaya.
Bas mai ihun Kasuwa, Kasuwa, saura mutum biyu:
sha ɗaya, kafin ruwan Tanimu ya tafasa.
Keke kuwa sai ka ce an tone gidan tururuwa.
Huɗu a tsaye, na biyar ya ratsa su,
kamar mai rubuta bashin goro a bango.

Babana ya ja bas a layin nan shekara ashirin.
Wataƙila wata ta taɓa zama inda nake
ta ja masa sanda guda
ba ta san yana da tari ba.

Wajen bakwai sai ga wani tsoho
da keken ɗinki a kafaɗa.
Shi ma keke ne,
amma na duba takardata, ba shi da gida.
Mai baro da doya, babu.
Malama Saratu da yara biyar riƙe da gefen zanenta,
ta sa ƙafa, ta janye,
ta sa ƙafa, ta janye.
Na duba agogo ba don an sa ni ba:
minti tara.

A tsakiyar titi an kafa shingen ƙarfe.
Wani, wani dare, ya zare sanduna biyu,
ƙafafu suka bi suna dakan wurin
har ƙasa ta yi sulɓi kamar daɓen ɗaki.
Ba kwangila, ba sa hannu, ba yanke kyalle.
Sun riga ni gama binciken,
sun rubuta shi da silifa.

Da dare a jami'a na zuba lambobi a kwamfuta.
Motoci suka zama ƙwayoyin gero
suna gangarawa cikin ladabi,
ba oda, ba zagi, ba mai tsayawa sayen rake.
Na'ura ta ce a ƙara faɗin titi.
Wuta ta ɗauke kafin in ba ta amsa.

Da hasken waya na ja layi a gefen takarda,
karkatacce, don ba ni da rula.
Na rasa sunan da zan sa masa,
na rubuta: masu jira.

Dakta ya cire tabarau, ya daɗe yana kallo.
"Wa ya sa ki?"
Na yi shiru.
"Ɗari uku da sittin, a awa biyu?"
Na ce ban da goyo.

Ran Talata ya zo da kansa.
Ya ajiye mota a wancan hannun,
ya hango mu, ya ɗaga hannu,
ya dubi dama, ya dubi hagu,
ya dubi mahaɗar da ke can nesa, kusa da gidan mai.
Tanimu ya rage wutar risho yana murmushi.

Minti shida.
Sannan ya tattare babbar riga,
ya sunkuya ta kafar shingen nan.

Na buɗe biro.
Ɗaya.